Borrow da lend: wa ke miƙawa, wa ke karɓa?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum. Masana Turanci, don Allah ku zo ku raba ni da wani abu da ya tsaya mini a rai tun jiya. Cajar kwamfutata ce ta ƙi kawo wuta muna tsakiyar aiki, sai na tura wa wata abokiyar aikinmu saƙo na ce, "Please borrow me your charger." Cajar kam ta kawo, amma da ta zo ajiyewa sai ta yi ɗan murmushi ta ce, "I can lend it to you." Har da jan kalmar lend ɗin yadda zan ji da kyau. Na yi godiya na haɗiye, amma na san gyara aka yi mini cikin ladabi.

Abin da ya ɗaure mini kai, na fi shekara ashirin ina faɗin borrow me, kuma ina jin waɗanda suka fi ni karatu nesa ba kusa ba suna faɗa. Na buɗe ƙamus da dare, na ga duka biyun aikatau ne, duka biyun kuma maganar aro suke yi. To ina matsalar take? Sannan loan da muke gani a takardun banki, ita kuma a ina ta shigo?

Malama Mai Alli:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokiyar aikin nan taka ta yi maka gata, don ba kowa ne zai gyara maka ba, wani dariya zai yi a bayan idonka.

Lamari ɗaya kalmomin biyu suke bayyanawa, kowacce daga inda take tsaye. A duk aro akwai mai kaya, akwai mai buƙata, akwai kayan. Idan ka sa mai kaya a matsayin aikau, wato shi ke yin aikin a jimlar, lend za ka ɗauko. Idan mai buƙata ne aikau, sai borrow. Kaya na fita daga hannun mai lend, suna shiga hannun mai borrow.

Saboda haka hanya biyu gare ka jiya. Ko ka ce "Can you lend me your charger?" ko ka ce "Can I borrow your charger?" Lura da wakilin sunan: you na tafiya da lend, I na tafiya da borrow, muddin kai ne mai roƙon. Abin da ka yi shi ne ka ɗauko aikatau na jimla ta biyu ka zuba shi a ƙirar jimla ta farko.

Wani ƙaramin abu kafin in manta: shuɗaɗɗen lokacin borrow shi ne borrowed, amma na lend lent ne. Babu lended. Ina ganinta a takardun yara kusan kowane zango.

Sarkin Gardama:
Malama, da girmamawa, ni ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Ya ce borrow me, ta gane, ta kawo caja. Magana ta isar da saƙo ko ba ta isar ba? Miliyoyin mutane na faɗin haka kullum. Sai yaushe abin da kowa ke faɗa zai daina zama kuskure?

Malama Mai Alli:
Ta gane ne don ta ga cajarsa ta mutu, tata kuma na hannunta. Yanayin ne ya cece shi. Ka cire yanayin ka gani. Mutum ya rubuto maka "He borrowed me money last year", wa ke bin wani bashi? In ka san marubucin ka san yadda yake magana, za ka ce marubucin aka ba. In ba ka san shi ba, sai ka tsaya canki-canka. A maganar kuɗi kuwa ba a son canki-canka.

Ɗalibar Harshe:
Ku ba ni dama in sa baki, don wannan ya taɓo abin da nake karantawa. Yaya Ɗan Koyo, ni a ganina ma'anar kalmomin ba ta ɓace maka ba. Hausa ka yi da kalmomin Turanci. Ka faɗi saƙon naka da Hausa ka ji: "Ara mini cajarki." Ara, borrow. Mini, me. Kalma bisa kalma ka ɗora, ko tsari ba ka sauya ba.

Mu a wurinmu saiwa ɗaya ce ke ɗaukar ɓangarorin biyu. "Na ari littafi a wurinsa", ni na karɓa. "Na ara masa littafi", ni na bayar. Abin da ke raba su shi ne wasalin ƙarshe, da karin sauti, da kuma wannan masa ko mini da ke biyo baya. Ka furta "zan ara" da "zan ara masa" a hankali ka saurari muryarka: a ta farko murya na farawa ƙasa ta hau, a ta biyu tana farawa sama ta sauko. A rubutu kuwa a-r-a ne duka. Masu nazarin nahawu suna sa su a aji daban-daban cikin azuzuwan aikatau bakwai da masanin harshen Hausa Parsons ya tsara a 1960, ta karɓa a aji na biyu, ta bayarwa a aji na ɗaya. Amma Bahaushe ba ya buƙatar sanin wannan kafin ya yi daidai, kunnensa ya riga ya sani.

To da yaro ya shiga aji aka ce masa "aro shi ne borrow", shi ke nan an gama da shi. Zai ɗauka borrow ɗin ma tana juyawa gaba da baya kamar ara. Ita kuwa fuska ɗaya gare ta.

Ɗan Koyo:
Wallahi haka ne! Yanzu da na faɗa a raina, ara mini ce tsaf. To amma me ya hana borrow ɗaukar me? Ai ana cewa give me, ana cewa buy me.

Ɗalibar Harshe:
Yauwa, an zo wurin. Tana iya ɗauka, sai dai ma'anar da za ta bayar ba wadda kake nufi ba ce.

Aikatau masu ɗaukar karɓau biyu a Turanci, wato mutum sannan abu, gida biyu ne. Akwai gidan give, send, sell, show, da lend. Waɗannan in ka juya jimlar ka sa abin a gaba, to ce ke fitowa: "lend me a pen" ta koma "lend a pen to me". Akwai kuma gidan buy, get, find, fetch. Su in ka juya, for ce ke fitowa: "buy me a pen" ta koma "buy a pen for me". A gida na farko aikau ne mai kayan, yana miƙo maka. A gida na biyu aikau ba shi da kayan, zai je ya samo maka ne a wani wuri.

Borrow 'yar gida na biyu ce. Don haka in Bature ya ji "borrow me a pen" ya matsa wa kansa sai ya fitar da ma'ana, abin da zai samu shi ne: je ka wurin wani ka karɓo mini aron biro. Mu ma muna da wannan bambancin, wasali ɗaya ne tsakani. "Ara mini biro", naka nake so. "Aro mini biro", aikenka na yi. Borrow me tana daidai da aro mini, lend me kuma ita ce ara mini. Ni tun da na riƙe wannan ban sake tuntuɓe ba.

Shi ya sa saƙonka ya yi wa kunnenta nauyi. Ka ce your charger, wato nata, amma aikatau ɗin na cewa ta je ta aro. Ta ari kayanta a wurin kanta ke nan.

Tsohon Tafinta:
'Yata, Allah ya yi miki albarka, kin taƙaita abin da na yi shekaru ina kewaye-kewaye wajen bayyana wa sababbin ma'aikata. Bari in ƙara abu biyu.

Na ɗaya, borrow me da babu komai a bayanta jimla ce cikakkiya, kuma ana faɗinta. A ofis za ka ji an leƙo an ce, "Can I borrow you for a minute?" Ma'ana, zo in ɗan ɗauke ka daga aikinka na minti ɗaya. A nan mutumin shi ne abin da ake ara. To mai cewa borrow me, kafin ya kai ga ambaton cajar, kunnen mai saurare ya riga ya ji "are ni".

Na biyu, ku gwada juya jimlar zuwa ƙirar da ba a ambaton mai aikin. "I was lent a car" daidai ce, an ara mini mota. "I was borrowed a car" ba ta zauna ba ko kaɗan. Wannan gwajin na nuna cewa mutumin da ke bayan lend karɓau ne na gaske, har yana iya dawowa farkon jimla. Borrow kuwa karɓau ɗaya take da shi cikin sauƙi, shi ne kayan, mai kayan kuma sai an shigo da shi ta from: "I borrowed a car from him." A maganar yau da kullum a Birtaniya za ka ji off a wurin from, amma ba na ba da shawarar rubuta ta.

Sarkin Gardama:
Baba, na ji duk wannan, kuma ban musa nahawun ba. Abin da nake ja a kai shi ne wa ya kafa dokar. Ku da kanku kun ce Hausa saiwa ɗaya take amfani da ita, kuma ba mu taɓa rikicewa ba. Ashe raba su gida biyu ba dole ba ne. Kuma na taɓa jin cewa su kansu masu harshen suna cakuɗa su.

Ɗalibar Harshe:
A nan kam Sarki yana da gaskiya, ba zan ɓoye ba. 'Yan'uwan Turanci na jini ma ba su raba ba. A Jamusanci leihen na iya zama bayarwa ko karɓa, tsarin jimla ke fayyacewa, haka ma borgen wadda ita ce 'yar'uwar borrow kai tsaye. A harshen Holan lenen ce duka biyun. A harshen Suwidin låna ce, in ana son a nuna bayarwa sai a ƙara mata ut, wato waje. Shi ya sa a jihohin Minnesota da Wisconsin na Amurka, inda Jamusawa da mutanen arewacin Turai suka zauna da yawa a ƙarni na 19, har yau ana jin borrow me a bakin waɗanda ba su da wani harshe sai Turanci. Kakanninsu sun yi irin abin da Yaya Ɗan Koyo ya yi, jikoki suka gada. A wasu sassan Birtaniya kuma akasin haka ake yi, yaro zai ce "Can I lend your pen?" alhali shi ke roƙo.

Tarihin kalmar ma na gefen Sarki. A tsohon Turanci borrow ta fito ne daga borg, wato jingina ko lamuni. Asalin maganar ita ce ba da tabbacin cewa abu zai dawo, ba ta damu da wa ya miƙa wa ya karɓa ba. Daga baya ne daidaitaccen Turanci ya tsayar da ita a gefen mai karɓa.

Wani misalin da zai ba ku dariya: koya. "Na koyi karatu", "na koya masa karatu". Irin tafiyar ara ce sak. Turanci ma ya daɗe yana amfani da learn da ma'anar koyarwa, kuma har yanzu akwai karkarar da ake cewa "learn me", amma makaranta ta kore ta, ta ce sai teach. Saya kuwa ta ƙi bin wannan hanya a Hausa: saya mini ba ta taɓa zama sayar mini ba. Kowane harshe da inda ya ga dama ya ja layinsa.

Malama Mai Alli:
Na yarda da tarihin, ban yarda da inda Sarki yake so ya kai mu ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, gaskiya ne. Mutumin Minnesota in yana hira da maƙwabcinsa ya faɗi abin da ya ga dama. Amma shi ma ranar da zai rubuta takardar neman aiki, lend zai rubuta, don ya san wanda zai karanta. Ni aikina in shirya yaro ya shiga ɗakin jarrabawa, kuma mai maki ba zai tambaye shi tarihin borg ba, jan biro zai sa. In na ce masa duk ɗaya ne na cuce shi.

Sarkin Gardama:
To ai kin dawo kan maganata, Malama. Kin ce don mai maki, ba ki ce don ma'ana ba. Ni abin da ke ba ni haushi shi ne yadda ake kallon mai cewa borrow me kamar bai da ƙwaƙwalwa, alhali yanzu aka nuna mana tsarin harshensa ya bi, kuma Bajamushe ma haka zai yi.

Malama Mai Alli:
Ban taɓa cewa bai da ƙwaƙwalwa ba. Kuma ma'anar ma tana ciki, na ba ka misalin bashi ɗazu ka tsallake shi.

Tsohon Tafinta:
Ku bar ni in shiga tsakani. Misalin Malama ba na wasa ba ne, na gan shi da idona. An taɓa kawo mini wata takardar shaida da wani ya rubuta da hannunsa a kan rikicin kuɗi tsakaninsa da abokin kasuwancinsa, aka ce in mayar da ita Hausa. A ciki ya rubuta "I borrowed him the money." Na ajiye biro. In na bi yadda na san mutanenmu na magana, na ranta masa ke nan, shi ke bin bashi. In na bi ƙa'ida, na ranto masa ke nan, wato akwai wani na uku da ya ba da kuɗin, shi marubucin ɗan aike ne ko mai tsaya wa wani. Hukuncin biyun ba ɗaya ba ne. Sai da aka nemo mutumin aka tambaye shi baki da baki. Da ya rubuta lent, da ba a ɓata rabin yini ba.

Don haka, Sarki, a hira ina tare da kai, ba na gyara wa kowa sai ya tambaya. A rubutun da wani zai karanta ba ka wurin, ina tare da Malama.

Almajirin Fiƙihu:
Salamu alaikum. Baba Tafinta ya faɗi wata kalma da ba a tsaya a kanta ba: ranta. Tun ɗazu ana nuna kamar Turanci ya fi mu rarrabewa, alhali akwai inda mu muka raba shi kuma ya haɗe.

Bahaushe ba ya cewa aro a komai. Abin da za ka yi amfani da shi ka mayar da shi shi kansa, kamar littafi ko tsani ko cajar ɗan'uwanmu, wannan aro ne. Abin da za ka kashe ko ka cinye ka mayar da kwatankwacinsa, kamar kuɗi, wannan rance ne. Takardar kuɗin da aka ranta maka ba ita za ka dawo da ita ba, ai da ba ta yi maka amfani ba. Turanci kuwa borrow a book, borrow money, duk kalma ɗaya.

A littattafan fiƙihu babi biyu ne daban, babin ariya da babin ƙardu, kuma hukuncinsu ya bambanta, don a ƙardu abin ya zama mallakar wanda ya karɓa, a ariya kuwa yana nan na mai shi, amfaninsa kawai aka ba ka. Dokar Rumawa ma ta raba su haka, commodatum da mutuum. Larabci shi ya haɗa rabon biyu gaba ɗaya: a'ara ya ba da aro, ista'ara ya nemi aro, aƙrada ya ba da rance, iƙtarada ya karɓi rance. Kalma huɗu, kowacce da kujerarta. Turanci ya kula da wa ya ba wa, Hausa ta kula da me aka bayar.

Ɗalibar Harshe:
Malam, wannan ya burge ni, ban taɓa jera su haka ba. Ke nan mai fassara daga Turanci zuwa Hausa shi ma yana da nasa ramin. In ya ga "the government borrowed" ya rubuta gwamnati ta yi aro, ya faɗa. Ciyo bashi ko karɓo rance za a ce.

Tsohon Tafinta:
Sosai. Kuma ramin ya fi zurfi a kan loan, wadda Ɗan Koyo ya tambaya tun farko aka manta da shi.

Loan asalinta suna ce. Ita ce sunan abin da aka bayar ko yarjejeniyar kanta: "a bank loan", "take out a loan", "on loan". Lend da borrow aikatau ne, ita ce ke riƙe musu gurbin suna su biyun, shi ya sa ba ta nuna gefe. Mai bayarwa na da loan a littafinsa, mai karɓa ma haka. Daga harshen mutanen arewacin Turai ta shigo, waɗanda suka mamaye sassan Ingila tun ƙarni na 9, kuma dangin lend ce ta jini. Ita lend ɗin ma da farko ba ta da d a ƙarshe, daga sigarta ta shuɗaɗɗen lokaci d ɗin ta manne mata, ta zama sahun send da bend.

Sai dai loan na zama aikatau, kuma in ta zama, gefen lend take bi, ba ta taɓa bin gefen borrow. "The bank loaned him money", banki ne ya bayar. Amurkawa sun fi sakin jiki da wannan. A Birtaniya an daɗe ana yi mata kallon baƙuwa daga Amurka, ko da yake a Ingila aka fara amfani da ita haka kafin ta ƙaura. Kuskuren da nake yawan gani shi ne "I want to loan money from the bank". Wannan borrow ake nufi.

A fassara kuwa sai ka duba me aka bayar kafin ka zaɓi aro, rance, bashi ko lamuni.

Ɗan Ƙwallo:
Baba, mu nan muka fi saninta. In ƙungiya ta tura ɗan wasa wata ƙungiya na kaka ɗaya, on loan ake cewa, masu labarin wasanni kuma su ce ya tafi zaman aro. Bisa bayanin Malam Almajiri sun yi daidai ke nan, don shi ɗin dai ake so ya dawo, ba a ce a kawo wani mai kama da shi ba. Ko da yake akwai waɗanda in an ba da su aro, addu'a muke yi kada a dawo da su.

Sarkin Gardama:
Hahaha. Kayan aro dai ba ya rufe katara, Ɗan Ƙwallo.

Amma tun da an shiga wannan, ga tambaya ta gaskiya ba ta gardama ba. Idan loan da lend duk bayarwa ne, zan iya sa kowacce a ko'ina?

Malama Mai Alli:
A'a. Loan a matsayin aikatau sai a kan abu na zahiri, kuɗi ko kaya. Lend ita ce ke fita yawo cikin salon magana. "Lend a hand", ka taimaka. "Lend support", ka mara baya. "Lend weight to an argument", ka ƙara wa hujja ƙarfi. Akwai kuma "lend itself to", wato abu ya dace da wani amfani, kamar a ce ɗakin nan ya yi kyau da taro. Duk waɗannan in ka sa loan sun lalace, ba mai cewa "loan a hand". Ka lura kuma a nan ba a maganar mayarwa sam, ma'anar ta koma bayarwa zalla.

Borrow ma tana da nata yawon. "Living on borrowed time" ana faɗa wa wanda ya wuce lokacin da aka zata zai kai, ko mutum ko inji ko gwamnati. A lissafin ɗebewa in lambar sama ta gaza ta ƙasa, borrow ake yi daga maƙwabciya, mu ma aro muke cewa a aji.

Sannan kada a sa borrow inda ake biyan kuɗin amfani da kaya. Motar da ka biya ka ɗauka ta kwana biyu rent ko hire ce, haya ke nan. Kuɗi ne kawai ake borrow ɗinsu ko da za a biya ruwa a kai. Abin da ba ya ɗaukuwa kuma, kamar banɗaki, use ya fi zama.

Ɗalibar Harshe:
Aron da ya fi ba ni dariya shi ne namu na masu nazarin harshe. Kalmar da wani harshe ya ɗauko daga wani, Turanci na kiranta borrowing ko loanword, mu kuma mu ce kalmar aro. Ga shi ba a nemi izinin mai ita ba, bai rasa ta ba, ba kuma ranar mayarwa. Caja ɗin nan da ta jawo duk zancen nan ma aro ce, kuma ba na jin za mu mayar. Ita loanword ɗin kanta kwaikwayon Lehnwort ta Jamusanci ce.

Tsohon Tafinta:
Irin wannan aron da ba a sa ran dawowarsa har a siyasa an yi shi. A watan Maris na 1941 Amurka ta kafa dokar da ake kira Lend-Lease, don ta ba Birtaniya da ƙawayenta kayan yaƙi ba tare da sun biya nan take ba. Shugaba Roosevelt ya kwatanta abin da ara wa maƙwabci tiyon ban ruwa lokacin da gidansa ke cin wuta, in wuta ta mutu ya dawo maka da shi. Sanata Robert Taft, wanda ke adawa da dokar, ya ce abin ya fi kama da ba da aron cingam, ba ka son a dawo maka da shi. Da Hausa suka yi muhawarar, da tun a kan sunan dokar za a tsaya: aro ne ko rance?

Ɗan Koyo:
Kai, na zo neman caja na samu makaranta. Bari in gwada ku gani ko ya zauna.

Ara mini littafinka: Lend me your book.
Zan iya aron littafinka? Can I borrow your book?
Aro mini littafi a laburare: Borrow a book for me from the library.
Na ranta masa kuɗi: I lent him money.
Na ranci kuɗi a wurinsa: I borrowed money from him.

Akwai gyara?

Malama Mai Alli:
Babu, biyar bisa biyar. Ka ƙara please a ta farko kawai, don in ba ita umarni ce tsirara, musamman ga wadda ba ƙanwarka ba.

Sarkin Gardama:
Ni dai har yanzu in na ga abokina borrow me zan ce, kuma zai ba ni.

Malama Mai Alli:
Ka faɗa wa abokinka, ba wanda ya hana ka. Ranar da za ka rubuta wa manajan banki dai ka turo mini in duba kafin ka aika.

Ɗan Koyo:
Na mayar mata da cajar yanzu. Na ce "Thanks for lending me your charger", ta ɗago ta dube ni ta yi dariya. Saura bring da take, su ma kawo da kai suke yi mini irin wannan rikicin, amma sai gobe in Allah ya kai mu, batirin ya kusa mutuwa kuma ban sayi tawa cajar ba tukuna.